Filin Tambaya da Amsa: Kwalejin da ɗana zai je a Indiya tana da B++, me hakan ke nufi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya rasu shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara biyar. Babban ya zana JAMB sau biyu bai samu gurbi ba. Yanzu wani ejan ya samo masa wata kwaleji a jihar Maharashtra ta Indiya, zai karanta kimiyyar sinadarai. A takardar an ce kwaleji ce ta adabi da kasuwanci da kimiyya, an kuma rubuta NAAC B++ da manyan baƙaƙe, ejan ɗin kuma yana ta nanata mini cewa suna da IQAC. Filin da na gada zan sayar in biya. Irin CAS ce ta nan Kano, ko digiri za a ba shi? Su waɗannan baƙaƙen kuma mene ne su? Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Kada ki sa hannu a takardar filin nan tukuna. A irin wannan kwaleji na yi digirina na biyu a Pune, cikin jihar da kika ambata, shi ya sa zan tsaya in yi miki bayani dalla-dalla.

Ba irin CAS ba ce. CAS tamu an san ta da share fagen shiga jami'a, irin su IJMB. Ita kuwa wannan digiri ake yi a cikinta: B.A. ga 'yan adabi, B.Com. ga 'yan kasuwanci, B.Sc. ga 'yan kimiyya kamar ɗanki. Sai dai akasarinsu ba su ke ba da digirin da kansu ba. Kowace tana ƙarƙashin wata jami'a, jami'ar ce ke tsara manhaja, ta shirya jarrabawa, kuma sunanta ne zai fito a takardar shaida. Jami'ar Mumbai, wadda aka kafa a 1857, da Jami'ar Savitribai Phule ta Pune, wadda aka kafa a 1949, kowacce tana da ɗaruruwan kwalejoji a ƙarƙashinta. A cikinsu akwai tsofaffi masu suna irin Kwalejin Fergusson ta Pune da aka buɗe a 1885, akwai kuma masu gini ɗaya a bayan gari da ba su daɗe da samun izini ba. To, tambayar farko da za ki yi wa ejan ita ce: wace jami'a ce uwar kwalejin? Idan ya fara kame-kame a nan, ki rufe jakarki.

NAAC kuwa hukuma ce mai tantance manyan makarantu. Hukumar kula da jami'o'in Indiya, UGC, ita ta kafa ta a 1994, hedikwatarta tana Bengaluru. A tsarin da aka ba kwalejin nan makinta, ana auna abubuwa bakwai a kan maki 1,000: manhaja, koyarwa da jarrabawa, bincike da hidimar al'umma, gine-gine da kayan aiki, tallafin ɗalibai da inda suke dosa bayan sun gama, shugabanci, sai kuma ɗabi'un makarantar. Ga kwalejin da ke ƙarƙashin jami'a, koyarwa da jarrabawa kaɗai sun ɗauki 350. A ƙarshe sai a mayar da komai bisa ma'aunin 4. Wanda ya samu 3.51 zuwa 4.00 shi ne A++, sai A+, sai A da ke farawa daga 3.01. B++ ɗin da kika gani tana tsakanin 2.76 da 3.00, wato mataki na huɗu daga sama. Ƙasa da ita akwai B+ da B da C, wanda ya samu 1.50 ko ƙasa da haka kuma ba a tantance shi ba ke nan. B++ ba abin kunya ba ce. Kwaleji ce matsakaiciya da ta yarda aka zo aka auna ta, alhali kwalejoji da yawa a ƙasar ba su taɓa kai kansu ba.

Amma makin yana da wa'adi, shekara biyar ne a mafi yawan lokaci. Na sha ganin allo a ƙofar makaranta ɗauke da makin da ya daɗe da ƙarewa, ba wanda ya sauke shi. Ki sa yaron ya shiga shafin NAAC na intanet da kansa, ya nemo sunan kwalejin, ya karanta miki ranar da aka ba da makin da ranar da zai ƙare. Kada ki yarda da hoton takarda da aka turo ta WhatsApp.

Sai IQAC, wadda ni ta fi damuna fiye da makin. Kwamiti ne na cikin gida mai kula da inganci, NAAC ce ta buƙaci kowace kwalejin da aka tantance ta kafa shi, don kada aiki ya tsaya da zarar masu tantancewa sun tafi. Shugaban kwaleji ne ke jagorantarsa, wani babban malami yana gudanar da aikin yau da kullum, kuma a ƙa'ida akwai malamai da ma'aikatan ofis da wakilin masu makarantar da ɗalibi da tsohon ɗalibi da wani daga cikin masu ɗaukar ma'aikata. Duk shekara yana aika wa NAAC rahoto. Saboda haka cewa "suna da IQAC" ba wani abin tinƙaho ba ne, kusan duk kwalejin da ke da maki tana da shi. Abin tambaya shi ne ko kwamitin yana aiki.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. A ɗakin gwaje-gwajenmu akwai ma'aunin sinadarai na lantarki guda ɗaya tak mai aiki, mu kuma mun fi ƙarfinsa. Sai ka tsaya a layi da ɗan gilashinka a hannu, kafin ya zo kanka rabin lokacin darasi ya wuce, da yawanmu sai mu kwafi awon wanda ya riga mu. A ƙarshen zango aka raba mana fom na jin ra'ayi, ba a rubuta suna. Wata 'yar ajinmu ta ce mu duka mu rubuta maganar ma'auni. Ni ban sa rai ba. Da muka dawo hutu sai ga sababbi biyu a kan benci, ko ledarsu ba a gama cirewa ba, a allon sanarwa kuma an liƙa takarda daga malamar da ke gudanar da kwamitin. Ta jera ƙorafe-ƙorafen da aka samu, a gaban kowanne ta rubuta abin da aka yi. A gaban maganar ƙara lokacin laburare ta rubuta cewa ba a yi ba, babu ma'aikacin dare, za a sake dubawa. Wannan layin na "ba a yi ba" shi ya sa na yarda da sauran.

A makarantar nan dai na ga ɗaya fuskar. Da aka ce masu tantancewa na tafe, mako uku ana fenti. Tukwanen furanni suka cika baranda, malamai suna kwana suna cika fayil, har da hotunan tarukan da aka shirya don a samu abin sa wa a fayil ɗin. Mutum uku suka zo, suka yi kwana biyu, suka gana da mu, suka tafi. Bayan mako guda mota ta zo ta kwashe furannin, ashe haya aka yi. Abin ya yi mini ciwo, domin malaman da suka bar aji don cika takarda malamai ne na ƙwarai, mu ɗalibai kuma mu muka yi asarar darasin. Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba.

Su ma Indiyawan sun san da wannan. A 2017 aka sauya tsarin, aka mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na awon ya koma kan alƙaluman da ake bincika gaskiyarsu, don a rage dogaro da ziyarar kwana biyu. Duk da haka a watan Maris na 2023 shugaban kwamitin zartarwar NAAC, Bhushan Patwardhan, ya yi murabus bayan ya yi ƙorafi kan yadda wasu makarantu ke samun makin da ake shakka a kai. A watan Fabrairu na 2025 kuma hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, CBI, ta kama wasu mambobin tawagar tantancewa bisa zargin karɓar cin hanci don ba wata jami'a A++ a jihar Andhra Pradesh. Tun a farkon 2024 aka sanar da cewa za a bar waɗannan baƙaƙen a koma "an tantance" ko "ba a tantance ba", bisa shawarar kwamitin da K. Radhakrishnan, tsohon shugaban hukumar sararin samaniyar ƙasar, ya jagoranta. Na kawo miki wannan ne don ki ɗauki B++ a matsayin shaida ɗaya, ki nemi wasu.

Hanya mafi sauƙi ba ta cin ko sisi. Ana buƙatar kwalejin ta ɗora rahotonta na shekara da bayanan zaman kwamitin a shafinta na intanet. Yaron ya buɗe, ya duba shekarar rahoto na ƙarshe. Ya duba malaman dindindin nawa ne a sashen sinadarai, ɗalibai nawa suka zana jarrabawar ƙarshe, nawa suka ci. Ya karanta bayanan zama biyu ko uku a jere. Idan kalmomin iri ɗaya ne, kwanan wata kawai aka sauya, kin san amsa. Idan kuwa ya ga an ce an gyara rufin ɗakin gwaji, an buɗe ajin ƙari ga waɗanda suka faɗi lissafi, an kasa samo malamin wani fanni, to akwai masu aiki a wurin.

Sannan ki nemi ɗan Najeriya ɗaya da ke karatu a can yanzu, ba wanda ejan ya haɗa ki da shi ba. Ki tambaye shi da wane harshe ake koyarwa a zahiri. A takarda Turanci ne, amma a ƙananan garuruwan Maharashtra malami yakan zame zuwa Marathi ko Hindi da zarar bayani ya yi zafi, ni kaina na yi watanni ina bin abokai su fassara mini. Ki tambaye shi ko akwai ofishin da ke taimaka wa baƙin ɗalibai da rajistar hukumar shige da fice, domin mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 dole ya yi rajista cikin kwana 14 da sauka.

Abu na ƙarshe yana nan gida. Kin tuna a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Tun daga nan ake ƙara sa ido kan takardun waje. Digirin B.Sc. a Indiya shekara uku aka saba yi, sabon tsarin ilimi na 2020 ne ya buɗe ƙofar shekara ta huɗu. Kafin ki biya, a je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja da sunan jami'ar da sunan kwas ɗin da adadin shekarunsa, a tambayi sashen tantance takardun waje, domin ta nan zai bi kafin bautar ƙasa. Kuɗin makaranta kuma a tura asusun kwalejin kai tsaye, a karɓi rasit da sunan yaron. Idan kin samu waɗannan amsoshi, ki sake rubuto mini da su mu duba tare.

TAMBAYA: Malam, ina shekara ta biyu a wata kwaleji a Indiya. An ce NAAC za ta turo wa wasunmu tambayoyi ta imel, wani malami kuma ya ce mu ba da maki mafi girma a komai don darajar takardarmu ta ƙaru. In bi maganarsa? Daga ƙaninka, ɗan Katsina.

AMSA: Ƙanena, kada ka bi. Tambayoyin nan a kan koyarwa suke: ko malamai suna gama manhaja, ko suna shirya darasi, ko ana yin adalci wajen ba da maki. Amsarka kai tsaye take tafiya wurin hukumar, ba ta bi ta ofishin malaminka. Inda suka kyauta ka ba su cikakken haƙƙinsu, kada fushin wani malami ɗaya ya sa ka zalunci sauran. Inda suka gaza kuma ka faɗa, shaida ce aka nema a wurinka. Akwai gurbi a ƙarshe da ake rubuta shawara da kalmomin mutum. Ka yi amfani da shi, ka ambaci abu takamaimai: na'urar da ta lalace, darasin da ba a samu malaminsa ba tun farkon zango, lokacin da ake rufe laburare. Ka kuma kai wannan maganar ga ɗalibin da ke wakiltarku a kwamitin ingancin kwalejin. Idan ba ka san shi ba, ka je ofishin kwamitin gobe ka tambayi sunansa.