Sayen mota ta hannu: aibin da ake ciniki a kai da wanda ake gudu

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sayi mota ta hannu, kuma ban san kan inji ba. Mai ita ya ce lafiyarta ƙalau, a ido ma sai sheƙi take. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, motar da aka hau ba ta rasa aibi. Taya, batir, birki da shokozoba duk abin rage kuɗi ne a ciniki. Abu huɗu ne idan ka gani sai ka haƙura da motar: takardun da ba su dace da ita ba, shasin da ya taɓa lanƙwasa, alamar ta taɓa nitsewa a ambaliya, da inji ko giyabos da ya kusa mutuwa.

Fara da lambar shasi. Tun 1981, a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. Tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da jikin ginshiƙin ƙofa. Gwada ta da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Alamar kankarewa ko sabuwar walda kusa da ita ta isa ta kashe maganar.

Ka ce kada a tayar da motar sai ka iso, kuma ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa. Injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar ƙarfe da hayaƙin farko. Idan an tayar, tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin injin yana ƙona baƙin mai, galibi ringin fistan ko robobin bawul sun cinye. Baƙi, man fetur ne ya yi yawa, wannan sau da yawa gyaransa da sauƙi. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi shi ne mugun, ruwan lagireto ne ke shiga silinda, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Buɗe murfin baƙin mai: idan ka ga kumfa mai kalar madara, ruwa ya gauraya da mai. Gajerun tafiye-tafiye ma kan tara ɗan irin wannan a murfi, don haka zaro sandar awon mai ka tabbatar. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai injin yana sanyi. Injin da aka wanke fes ranar da za ka zo, ni ban yarda da shi ba, ƙura ce ke nuna inda mai ke yoyo.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole fitilar inji, ta ABS (tsarin hana birki ƙamewa), ta jakar iska da ta mai su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta. Bakanikenka ya jona sikana, na'urar da ke karanta kwamfutar mota, a raminta da ake kira OBD da ke ƙarƙashin sitiyari. Ko bai ga matsala ba, ya duba ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajenta. Idan yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge bayanan ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili.

Jiki kuwa da rana ake duba shi. Tazarar ƙofofi da bonet ta zama ɗaya hagu da dama. Fenti a kan robar gilashi, ko kusoshin da sifana ta kankare wa fenti, sun nuna an taɓa wurin. Maganaɗisu ba ya kama inda aka cika fila (abin da ake cike lotsawar jiki da shi kafin fenti) da kauri, amma ba ya aiki a jikin alminiyom ko roba. Ɗaga safayar taya: ƙarfen da ya yamutse a nan, duka ne daga baya.

Motar ambaliya ta fi yaudara, domin tana tafiya lafiya wata da watanni kafin wayoyinta su fara ruɓewa. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon ruwa, ɗaga kafet ka nemi laka, leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Turare mai yawa a ciki abin tambaya ne.

Maleji ana juya shi. Ƙaramar lamba tare da robar birki da ta suɗe da sitiyarin da ya goge ba su tafiya tare.

Tuƙa ta aƙalla minti 20, har da titin da za ka yi gudu. Giya mai canza kanta kada ta yi jinkiri ko fizga idan ka sa D ko R, man giyar kuma kada ya yi baƙi da warin ƙuna. Murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. Idan ka ji ƙas-ƙas daga gaba, shaf ne, wato sandar da ke juya taya, ya lalace. Idan kun dawo, bar injin yana aiki minti 10 da AC a kunne, idonka a kan allurar zafi, sannan ka matsar da motar ka duba abin da ya ɗiga a ƙasa.