Na ƙera ƙaramin jirgi a garejina: doka ta yarda in tashi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum lauya. Ni mai sudur ne a nan Damagaram. Na jima ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan garejina, da bututun alminiyom, da injin babbar moto, da farfelar katako da na sassaƙa da hannuna. Saura in lulluɓe fukafukan da yadi. Kawuna ya ba ni aron gonarsa a hanyar Mirriya in gwada bayan an kawar da amfanin gona. Na gani a YouTube cewa a Amurka irin wannan jirgi ba ya bukatar lasisi. Wani abokina ya sa kuɗinsa a aikin, yana so in ƙara kujera in ɗauke shi. Ina tsoron kada in je wajen hukuma a ƙwace mini shi. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa hannunka albarka. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka lulluɓe fukafukan nan tukuna. Zan zo kan dalili.

Ƙira ba laifi ba ce. Ƙarfenka ne, garejinka ne, kana iya yanka, ka haɗa, ka tada injin a ɗaure ka saurari kukansa. Doka tana shigowa ne daga lokacin da ƙafafun jirgin suka rabu da ƙasa, ko da taku biyu ne. Sararin samaniya yana ƙarƙashin ikon ƙasa, haka sashe na 1 na yarjejeniyar Chicago ta 1944 kan sufurin sama tsakanin ƙasashe ya tanada, Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da suka amince da ita. Izinin kawu ya tsaya a kan gonarsa, bai hau sama ba. A nan gida hukumar ANAC da ke Yamai ita ke da ta cewa kan rajistar jirage, da lafiyarsu, da lasisin matuƙa. ASECNA kuma, hukumar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Afirka, ita ke kula da zirga-zirgar jirage a sama.

Abin da ka gani a YouTube gaskiya ne, amma gaskiyar Amurka ce. Can akwai wani sashe na dokarsu, mai lamba 103, wanda tun 1982 ya yafe lasisi da rajista ga jirgin mutum ɗaya da bai kai kilo 115 ba in babu kowa a ciki, tankinsa bai wuce lita 19 ba, gudunsa bai wuce kilomita 102 a awa ba. Ko can ɗin ba a yarda ya ratsa kan gari ko taron jama'a ba. Wannan rangwame bai ƙetaro teku ba, babu alƙalin da zai saurare shi a kotun Damagaram.

Ka ɗauki abin kamar mota, wadda ba ta hawa kwalta sai da kart giriz, da bizit teknik, da permi, da asirans. Jirgi ma haka. Sai an yi masa rajista an ba shi lamba, ta Nijar tana farawa da 5U, a rubuta ta a jikinsa. Sai ya sami takardar da ke nuna ya cancanci tashi, ko wani izini na musamman mai iyaka, irin wanda ake bai wa jirgin gwaji. Kai kanka sai da lasisi da shaidar likita. A ma'aunin ƙungiyar sufurin sama ta duniya, lasisin matuƙi mai zaman kansa yana bukatar shekara 17 da haihuwa da awa 40 na tashi a ƙalla. In za ka sa rediyon magana da hasumiyar filin jirgi, mitocinsa tsakanin megahaz 118 da 137 suke, ba a shigarsu da ka. Wurin tashi ma sai wanda hukuma ta amince da shi, gona ba ta zama filin jirgi don mai ita ya ce to.

Yanzu ga maganar fukafukai. Wanda za a turo ya duba jirginka ba fenti zai kalla ba. Zai so ya ga ƙashin bayan fiffike da idonsa, ya bi sudur ɗinka gaɓa-gaɓa, ya ga irin kusoshin da ka ɗaura da yadda ka kulle su don kada girgiza ta kwance su, ya ja wayoyin sitiyari ya ga ko suna gogar wani ƙarfe. In ka riga ka rufe da yadi, ɗayan biyu ne: ko a ce ka yage, ko a ce ba za a sa hannu a kan abin da ba a gani ba. Saboda haka tun yau ka sayi babban littafi mai bango. Duk abin da ka yi ka rubuta da kwanan wata, ka ɗauki hoton kowace gaɓa kafin da bayan sudur, ka liƙa rasit na bututu da na inji. Ka auna nauyin jirgin a kan kowace ƙafa ka rubuta. Littafin nan shi ne shaidarka a gaban hukuma, shi ne kuma zai nuna wa duk mai tambaya cewa aikin sana'a kake yi a fili.

Wannan ya kawo ni ga tsoron da ka ambata. Na fahimce shi, amma a ganina ka juya lissafin. Halin tsaron da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. A watan Agusta na 2023 an rufe sararin samaniyar ƙasar nan baki ɗaya na makonni. Damagaram tana da filin jirgi, tana da rundunar soja, iyakar Najeriya kuma ba nisa ta Magarya ko Matamai. Abu mai inji ya ɓullo daga bayan gona babu lamba, babu wanda ya san da shi: jandarman da ya fara isowa ba zai ɗauke ka mai shaƙatawa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. A nan ne ƙwacewa take, har da tsarewa, tambayoyin kuma za su wuce na sufurin sama. Wanda ya kai kansa da takarda tun jirgin yana kan jak, mafi munin abin da zai ji shi ne "ba a yarda ba tukuna", ya koma gida da kayansa.

Sai alhaki, wanda ya fi damuna. Sashe na 1382 da 1383 na dokar farar hula sun ce wanda ya jawo wa wani ɓarna, da gangan ko da sakaci, shi zai biya. Sashe na 1384 ya fi tsanani: mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi, ba sai an tabbatar ya yi kuskure ba. In injin ya mutu ka faɗa kan rumbu, ko garken makiyayi, ko yaran da suka biyo ka kallo, ba za ka kuɓuta da cewa ka yi iyakar ƙoƙarinka ba. Yara kuwa za su zo, ka san garinmu, kafin farfela ta yi juyi goma gonar ta cika. In rai ya salwanta, maganar ta koma kisa ba da niyya ba, kuma rashin takardu shi ne hujjar farko da mai shigar da ƙara zai ɗaga. Asirans ɗin motarka ko ta gareji ba ta rufe jirgi. Kawu ma ka sa shi cikin rigima, tunda da saninsa aka yi a gonarsa.

Abokinka kuwa, kada ka ɗauke shi. Ko ya sa hannu a takarda cewa ya yafe, yafewarsa ba ta hana hukuma gurfanar da kai. Kuɗin da ya zuba ku rubuta a yau: bashi ne, ko kyauta, ko tarayya a mallakar jirgin? In tarayya ce, shi ma yana iya samun kansa cikin waɗanda za a nema.

Hanyar da na fi so gare ka ita ce ka fara koyon tuƙi wajen malami mai lasisi, a jirgi mai kujera biyu, kafin ka taɓa naka. Iya ƙira daban, iya tuƙi daban, kuma gwajin sabon jirgi aikin gogaggen matuƙi ne. Sannan ka yi tunani sosai kan zanen. A 1933 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya fito da ƙaramin jirgin da mutane da dama suka riƙa ƙerawa a gidajensu. Zuwa 1936 an rasa rayuka, sai gwaji ya nuna aibin a zanen yake: in hancin ya nutsa ya wuce wani mizani, matuƙi ba ya iya ɗago shi. Aka dakatar da shi sai da aka gyara. Maƙeran ba su yi ha'inci ba, abin da ido ba ya gani ne ya ci su. Shi ya sa hukuma ta fi saurin sauraron wanda ya bi sanannen zane da aka jima ana tashi da shi, ko ya sayi kayan haɗi daga masana'anta ya shigo da su ta duwan da takardunsu. In kuma aka ce wannan na farko bai cancanci tashi ba, bai zama asara ba. Ya zauna a ƙasa abin nuni da koyar da yara, hannunka kuma ya riga ya faɗa don na biyu.

Ko an ba ka izini, kulawa ba ta ƙarewa, doka kuma tana bin ta a rubuce. Injin Rotax 582, wanda don ƙananan jirage aka yi shi, masana'antarsa ta ce a kwance shi bayan awa 300, ta kuma yi gargaɗi cewa yana iya tsayawa a sama ba sanarwa. To ina ga injin moto? Kada ka zuba masa esans na ƴan ruwa-ruwa, don in an yi haɗari har tankin za a bincika. Zafin Afrilu da Mayu, da ya kan haura digiri 40, yana rage wa iska kauri, jirgi ya nemi fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Hazon hunturu kuma yana hana ganin kilomita 5 da ƙa'idar tuƙi da ido ta nema. A kan gari ba a yarda jirgi ya yi ƙasa da tsayin mita 300 ba, a daji mita 150.

Cikin makon nan ka rubuta wa babban daraktan ANAC wasiƙa da Faransanci. Ka faɗi sunanka da sana'arka, da inda jirgin yake, da nauyinsa da irin injinsa, ka haɗa hotuna da zane. Ka tambaya a wane rukuni za a sa shi, wane bincike za a yi kafin a rufe fukafukai, wane lasisi ake nema gare ka, kuma a ina aka yarda a yi gwaji. Ka kai kwafi ofishin gwamna da na shugaban filin jirgin Damagaram, ka tabbata an buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Ka ajiye ɗaya a gareji cikin littafin nan. In jami'ai suka zo kafin amsa ta iso, ka tarbe su, ka nuna musu takardar da littafin, kada ka yi gardama. In sun ce za su tafi da wani abu, ka nemi a rubuta abin da aka ɗauka a ba ka kwafi, sannan ka kira lauya.