Me Ya Sa Tashoshin Wasanni a Amurka Ke Mayar da Ƙwallon Ƙafa Saniyar Ware?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Ohio ta Amurka, kuma tun ina yaro nake bibiyar ƙwallon ƙafa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai a buga babban wasa a gasar zakarun Turai, amma idan na kunna shirin labaran wasanni da daddare sai a shafe sa'a guda ana zancen NFL, wato gasar zari-ruga irin ta Amurka, da ƙwallon kwando, a ba ƙwallon ƙafa abin da bai kai minti ɗaya ba, ko a tsallake ta baki ɗaya. Shin ƙiyayya ce ake yi wa wasan, ko akwai wani dalili?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙorafinka yana kan hanya, kuma masoya ƙwallon ƙafa a Amurka sun shafe gomman shekaru suna yin sa. Sai dai ya kamata a raba abu biyu da aka saba haɗawa: nuna wasa kai tsaye daban, ba shi gurbi a shirin labarai da muhawara kuma daban. A ɓangaren farko Amurka ba ta cikin ƙasashen da ke da ƙarancin ƙwallo, domin mai kuɗin biya zai iya kallon duk wasannin Firimiyar Ingila 380 na kaka guda, abin da mazaunin Ingila kansa ba ya samu, saboda a can an hana haska wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar. Wariyar da kake gani tana ɓangare na biyu ne, kuma a ganina tushenta kuɗi ne kafin ta zama ƙiyayya.

Mu fara da talla, domin da ita gidan talabijin ke ci. Wasan NFL, wato zari-ruga irin ta Amurka, agogonsa minti 60 ne, amma yakan ɗauki fiye da sa'a uku kafin a tashi, saboda ana tsayawa bayan an ci, ana tsayawa bayan ƙwallo ta koma hannun ɗaya ƙungiyar, ana tsayawa a ƙarshen kowane zango cikin huɗu. A gefen fili akwai wani ma'aikacin tashar da ke sanye da dogayen safar hannu masu ruwan lemo. Idan ya shigo ya ba da alama, alƙalin wasa ba zai sake busa usur ba har sai an gama tallan, 'yan wasa kuwa suna tsaye suna jira. Ƙwallon kwando da besbol su ma cike suke da irin waɗannan tsaye-tsaye. Ƙwallon ƙafa kuwa minti 45 ce a jere ba yankewa, sai hutun minti 15, sai wata 45 ɗin. Idan ka tuna cewa tallan daƙiƙa 30 a wasan ƙarshe na NFL, wato Super Bowl, ya kai kimanin dala miliyan 7 a 2024, kuma mutum fiye da miliyan 120 suka kalle shi, za ka gane da wane ido shugaban tasha ke kallon wasan da ba ya ba shi wurin sayar da komai sai a tsakiyarsa.

Wannan matsala ta daɗe. A 1967, lokacin da tashar CBS ke nuna wata sabuwar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, wani alƙalin wasa ya fito ya amsa cewa ya riƙa busa laifukan da ba a yi ba domin tashar ta samu damar sa talla, kuma maganar ta zubar da mutuncin gasar ƙwarai. A gasar cin kofin duniya ta 1990 tashar TNT ta riƙa yanke wasa ana tsaka da bugawa ta tafi talla. Sai a 1994, da Amurka ta karɓi baƙuncin gasar, ABC da ESPN suka nuna wasannin ba yankewa, suka maye gurbin tallan da tambarin kamfani a jikin agogon da ke kusurwar allo. Har MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka da aka fara a 1996, ta yi ƙoƙarin sa wa wasan rigar Amurkawa: agogo yana ƙirgawa daga sama zuwa ƙasa, kuma ba a tashi kunnen doki sai an raba gardama da wani salon bugun ɗaya da ɗaya. An yi watsi da duka biyun bayan kakar 1999, domin ba su jawo sababbin 'yan kallo ba, kuma sun ɓata wa tsofaffin rai.

Dalili na biyu, wanda na fi ba nauyi, shi ne cewa tashar da ke karanta maka labaran wasanni ita ce kuma ke sayar maka da wasannin. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar shekara 11 da CBS da NBC da Fox da ESPN da Amazon a kan fiye da dala biliyan 100. A 2024 gasar ƙwallon kwando ta NBA ta yi tata, ita ma ta shekara 11, a kan kimanin dala biliyan 76. Ka ɗora waɗannan kusa da dala biliyan 2.7 da NBC ta biya a 2021 don Firimiya na shekara shida, ko dala biliyan 2.5 da Apple ya amince ya biya MLS a yarjejeniyar shekara goma da aka sanar a 2022. Kamfanin da ya zuba biliyoyi a gasa dole ya riƙa zancenta daga safe har dare, ko da kaka ta ƙare, domin kowane minti na zancen talla ne ga hajarsa. Gasar zakarun Turai da ka ambata kuwa tana hannun CBS da Paramount tun 2020, don haka idan wata tasha ta daban ta ba ta minti goma, ta yi wa kishiyarta talla kyauta ke nan. Masoya hoki na kan ƙanƙara sun ɗanɗani wannan: da ESPN ta rabu da gasar hoki ta NHL bayan 2004, sun yi shekaru suna kukan cewa an manta da su a shirinta na labaran wasanni, SportsCenter, kuma da tashar ta sake sayen haƙƙin nuna gasar a 2021 sai zancen hoki ya dawo. Ba wanda zai ce hoki baƙo ne a Amurka, amma bai tsira ba.

Duk da haka ba zan wanke tashoshin tas ba. Akwai raini na gaske, kuma ya fi yawa a wurin tsofaffin masu sharhi da suka tashi a zamanin da tsohuwar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, NASL, wadda Pele ya buga wa New York Cosmos a cikinta daga 1975 zuwa 1977, ta durƙushe a 1984. Sun ɗauki ƙwallon ƙafa wasan yara 'yan makaranta da baƙin haure, suna yi wa sakamakon babu ci dariya, kuma da yawansu ba su san wasan sanin da za su iya yin muhawara a kansa ba. Mutum kuwa ba ya son tsayawa gaban kyamara ya yi maganar abin da bai iya ba, don haka sai ya kauce masa. Wannan gazawa ce ta aikin jarida, kuma abin takaici ne a tashar da ke kiran kanta gidan dukkan wasanni.

Hujjar da suka saba kafawa ita ce babu 'yan kallo, kuma rabin gaskiya ce. Wasan ƙarshe na kofin duniya na mata a 2015, wanda Amurka ta doke Japan da ci 5 da 2, ya samu mutum kimanin miliyan 25 a Fox kaɗai. Na Ajantina da Faransa a 2022 ya haura miliyan 25 idan aka haɗa Fox da Telemundo. Abin da ke faruwa shi ne masoyan a warwatse suke. Wani Firimiya yake bi, wani La Liga, wani MLS, miliyoyi kuma gasar Meziko suke kallo da harshen Sifaniyanci a Univision, kuma editan shirin Turanci ba ya lissafa su cikin mutanensa. Ga kuma lokaci: wasan ƙarfe 12:30 na rana a Ingila ƙarfe 7:30 na safe ne a Ohio, 4:30 na asuba a Kalifoniya, gasar zakarun Turai kuma tana faɗowa da ranar Talata da Laraba mutane suna wurin aiki. NFL kuwa gasa ɗaya ce mai ƙungiyoyi 32, kuma ta mallaki ranar Lahadi.

Mu ma a gida mun san irin wannan ta wata fuskar, domin gidan kallo a Kano zai cika maƙil saboda Arsenal da Chelsea, alhali samun wasan Kano Pillars na waje a talabijin ya kan zama aiki, kuma dalilin bai wuce wanda ya sayi haƙƙin nunawa da wanda ke biyan talla ba.

Shawarata ita ce ka daina jiran shirin labarai na gama-gari, ka nufi tashar da ke riƙe da gasar da kake so, domin shirye-shiryen NBC na safiyar Asabar da na CBS a ranakun gasar zakarun Turai suna da tsofaffin 'yan wasa da suka san aikinsu, irin su Thierry Henry da Jamie Carragher a na biyun. Illar kawai ita ce za ka biya kuɗin wata a wurare uku ko huɗu kafin ka haɗa gasannin, kuma a wurina wannan ne ƙorafin da ya fi cancanta a yau, musamman ga ɗalibi. Game da ko lamarin zai sauya, zuwan Messi ƙungiyar Inter Miami ta MLS a 2023 ya sa an riƙa ambaton MLS a wuraren da ba a saba ba, amma yawancin zancen nasa ne shi kaɗai, ba na gasar ba. Abin da za ka sa wa ido shi ne 2028, lokacin da yarjejeniyar NBC da Firimiya za ta ƙare. Idan ɗaya daga cikin manyan tashoshin da ke da shirye-shiryen muhawara na kullum ta saye ta da tsada, za ka ji masu sharhinta sun fara koyon sunayen 'yan wasan Ingila kafin a buga wasan farko.