Amsa kan sayen kan tirela na gilaida a Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, ka ce ka ga Freightliner Coronado ta 2016 ta hannu, an ce maka gilaida ce, injinta Detroit Series 60, kana tambaya ko ka saya. To ka saurara da kyau, kuɗin da ka daɗe kana tarawa ne.

Gilaida dai, a da kamfani ne ke fitar da sabon kai, sabon shasi da aksil ɗin gaba, amma babu inji, babu giyabos, babu aksil ɗin baya. Wani gareji ne daban yake saye ya ɗora mata tsohon injin da aka sake ɗaurewa. Wanda ya fi suna a wannan aikin shi ne Fitzgerald a jihar Tenesi, amma ƙananan gareji da yawa sun yi, kuma hannu ya bambanta. Saboda haka 2016 ɗin nan shekarar jiki ce kawai. Injin yana iya zama na 1999 ko 2001.

Abin da ya sa direbobi ke rububinta, waɗannan injina sun riga tsauraran dokokin hayaƙi. EGR mai mayar da wani hayaƙin cikin inji ya shigo a ƙarshen 2002, matatar DPF mai tare baƙin hayaƙi a 2007, ruwan DEF mai tsabtace hayaƙi a 2010. Series 60 mai lita 12.7 na kafin ƙarshen 2002, Caterpillar C15 mai lamba 6NZ, Cummins N14, duk babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsu, kuma kowane bakanike ya san su.

Kafin ka je ko kallonta, ka ce a turo maka hoton lambar injin da ke jikin bulok, da takardar hayaƙi da ke manne a murfin inji. Lambar injin Series 60 tana farawa da 06R0. Ka kira dilan Detroit ka karanta musu, su gaya maka shekarar. Dalili biyu ne. Na farko, na'urar ELD mai rubuta awannin tuƙin direba: injin da shekararsa ta gaza 2000 ne kawai aka ɗauke wa ita, kuma shekarar inji ake bi, ba ta jiki ba. In na 2001 ne, dole ka saka, ko me mai sayarwa ya faɗa maka. Na biyu Kalifoniya. Tun 1 ga Janairu 2023 babbar motar dizal da injinta bai kai 2010 ba ba ta da izinin aiki a can, ko da lambar wata jiha take ɗauke da ita. In lodinka na yamma ne, magana ta ƙare a nan.

Sai babbar tambaya, wa ya ɗaure injin, kuma wane irin ɗauri? Akwai wanda ake yi injin yana kan mota: a canza fistin, ringi, silib, metal da gaskit, a rufe. Akwai wanda ake sauke shi gaba ɗaya, a kai bulok wajen masu inji su daidaita mazaunin silib, a auna kiranshaf. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kwanansu ma ba ɗaya ba ne. Idan mazaunin silib ya ci kuma ba a gyara ba, silib zai dinga motsi, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar wannan injin ɗin, da mil nawa ne a lokacin. In babu rasit, ka yi ciniki kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Mil ɗin da ke dashbod na jiki ne. Ka sa a jona kwamfuta a burenbos, wato ƙwaƙwalwar inji, a ciro mil da awannin injin, ka raba mil da awa. Motar dogon zango takan ba da arba'in da wani abu, in ya faɗo ƙasa sosai, ta sha zaman banza inji na kunne. Sai dai wasu sun canza burenbos ɗin, don haka kar ka tsaya nan. Ka tayar da ita da sanyin safiya, kar ka yarda su ɗumama ta kafin ka iso. In ta yi zafi ka duba bututun numfashi da ke ƙasan inji, in yana feso hayaƙi da ƙarfi ringi ya tafi. Ka ɗebi baƙin mai a tura gwaji, zai nuna ruwan lagireto ko garin ƙarfe. A Series 60 ka sa bakanike ya saurari babbar giyar gaban inji, in ta fara wasa tana iya rushe duk giyoyin gaba.

Giyabos kuma, karanta farantin Eaton. RTLO-16913A na nufin giya 13, ƙarfin juyi 1650. In an ɗora shi bayan C15 mai fitar da 1850, shi da kulochi za su sha wahala. Ka duba lambar aksil ɗin baya ma, ko 3.42 ne ko 3.70, don shi ke nuna yadda za ta sha mai a babbar hanya.

Inda gilaida ta fi ba mutane ciwon kai shi ne wayarin. Tsohon burenbos da sabon dashbod ba yare ɗaya suke yi ba, sai an haɗa su da dabara. Ka gwada kowane agogo, birkin inji, kuruz mai riƙe gudu, fitilar birkin ABS. Ka leƙa bayan dashbod, in ka ga wayoyi an ɗaɗɗaure da salatif, ka san irin hannun da ya yi aikin.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka kira inshora da bankinka ka faɗa musu ƙarara gilaida ce, wasu ba sa karɓa. Kamfanin da za ka ja wa kaya ma ka tambaye su. Turo min hoton lambar injin a nan, mu duba tare.