Hukuncin Ɗanɗana Giyar Inabi a Tofar Saboda Makin Jarrabawa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun aikin otal da gidan abinci a Faransa, kusa da birnin Liyon. A wannan zangon an saka mana darasin sanin giya. Za a kai mu kwarin kogin Ron, inda ake noman wani baƙin inabi mai suna Syrah, a jera mana kofuna, kowa ya duba launi, ya sansana, ya kurɓa ya juya a baki, ya tofar a wani kwano, sannan ya rubuta wadda ta fi kyau da dalilinsa. Malamarmu ta ce wannan ba sha ba ne tunda ba a haɗiyewa. Wani abokina kuma ya ce daidai yake da mai azumi ya ɗanɗana miya. Makin darasin yana cikin sakamakon ƙarshen shekara, kuma da tallafi nake karatu. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka kai kofin baki. Bai halatta ka ɗanɗana wannan giya ba, ko za ka tofar, kuma bai halatta ka zauna ka tantance wadda ta fi wata daɗi ba. Ga dalili.

Mu fara da abin da ke cikin kofin. Syrah inabi ne, kuma inabi halal ne: ka ci shi ɗanye, ka ci busasshensa, ka sha ruwansa kafin ya tsima, duk babu laifi. Amma abin da ake yi da shi a yankunan kwarin Ron irin su Hermitage da Cornas da Côte-Rôtie da Saint-Joseph shi ne a matse shi, a bar ruwan tare da ɓawon har zaƙinsa ya rikiɗe ya zama barasa, galibi kashi 12 zuwa 14 cikin 100, a ajiye a ganga ya daɗe. Wannan shi ne ainihin abin da Larabawa ke kira hamru. Na faɗi haka ne domin akwai masu fakewa da saɓanin malaman Kufa a kan tsimin dabino da na hatsi. To, wannan saɓanin ko kusa bai shafi tambayarka ba. Ɗanyen ruwan inabi da ya tsima har yana bugarwa, Malik da Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad duk bakinsu ɗaya a kansa: kaɗan ɗinsa da mai yawansa haramun ne.

Allah Maɗaukaki ya ce a suratul Ma'ida, aya ta 90, giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, sannan ya ce "fajtanibuhu", wato ku nisance shi. Ka lura da kalmar. Umarnin nisanta ya fi hanin sha faɗi, domin ya haɗa da duk wata hanyar kusantar abin. Wanda aka ce ya nisanci rijiya, ba a cewa ya bi umarni idan ya zauna a bakinta ya zura ƙafafu ciki. Kai kuwa za ka ɗaga kofin, ka kaɗa shi don ƙamshin ya tashi, ka cika baki, ka ja iska ta saman giyar don harshe ya ji ta sosai. Ina nisantar take a nan?

Maganar malamarku cewa ba a haɗiyewa tana da amsa biyu. Ta farko, ba a tofar da ruwa tas. Wani abu yana saura a harshe da dasashi, ya bi yawu ya wuce, kuma idan kofuna takwas ko goma aka jera, abin yana taruwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi daga Jabir, kuma da wannan ma'anar Ibn Abi Zaid ya kawo hukuncin a Risala wadda kuka karanta a zaure kuna yara. Ta biyu, ko da mun ƙaddara babu ɗigon da ya wuce, abin da zai faɗi shi ne haddi, domin malamai sun rataya bulalar mashayi a kan isar giya maƙogwaro. Faɗuwar haddi kuwa ba ya mayar da aiki halal. Zunubai nawa ne babu bulala a kansu?

Kiyasin abokinka shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, saboda yana da kama da ilimi. Gaskiya ne an ruwaito daga Ibn Abbas cewa babu laifi mai azumi ya ɗanɗana abin da ke tukunya, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya makaruhi ne don tsoron kada wani abu ya zarce. Amma miya halal ce a zatinta. Lokaci ne kawai ya shiga tsakaninta da mai azumi, rana na faɗuwa zai sha ta har ya sami lada. Giya fa? Babu wata sa'a ta dare ko rana da take halatta. Uwar gida tana ɗanɗana miya don ta gyara gishirin abincin da iyalinta za su yi buɗa baki da shi. Mai ɗanɗana giya yana yi ne don ya gano wadda za a yaba, a tsadanta kuɗinta, a zuba wa baƙo. Ƙari a kan haka, mafi yawan malamai suna ganin giya najasa ce, ba a sa ta a baki da gangan. Na san Rabi'a, malamin Imam Malik, da Laisu bin Sa'ad da Muzani sun tafi a kan cewa ba najasa ba ce, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a kurɓe ta.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne inda darasin ya dosa. Ba don nishaɗi ake koya muku cewa Syrah ta arewacin Ron tana da ƙamshin masoro da na baƙaƙen 'ya'yan itace, ko cewa da jan nama take tafiya ba. Ana shirya ku ne ku tsaya a gaban tebur gobe, ku ba da shawarar kwalbar da za a buɗe, ku ɗauko, ku zuba. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Ka ƙirga, ɗana. A cikin goman nan mutum ɗaya ne kaɗai ya haɗiya. Sauran tara ba su sha ko ɗigo ba. Shi kansa Anas ɗin nan, shi ne yake shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha ranar da mai shela ya sanar an haramta giya, aka ce ya fita ya zubar, ya zubar har ta malala a titunan Madina. Daga baya Abu Ɗalha ya tambaya game da giyar wasu marayu da suka gada, aka ce ya zubar da ita, dukiyar marayu guda.

Shin maki da tallafin karatu lalura ce? Lalurar da malamanmu suka buɗe wa ƙofa a nan ƴar ƙarama ce. Shehu Halil a littafinsa Muhtasar bai halatta giya ga wanda ya matsu ba sai wanda loma ta shaƙe shi kuma babu abin da zai kora da shi. Ko magani ma, da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce don magani yake haɗa ta, an amsa masa cewa cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ban raina halin da kake ciki ba, na san abin da tallafin nan yake nufi ga gidanku. Sai dai har yanzu ba ka gwada hanyoyin da ke gabanka ba.

Ka je wurin malamar da shugaban sashe tun kafin ranar tafiya, cikin ladabi, ka ce ba ka sa barasa a baki, ka nemi a ba ka wani aiki a madadin ɗanɗanon. A cikin Faransawan ma akwai masu juna biyu da marasa lafiya da waɗanda suka bar sha, don haka roƙonka ba baƙon abu ba ne. Amsa tambayar takarda a kan sunayen yankuna, irin ƙasa da yanayin da inabi ke so, ina ganin akwai sauƙi a cikinsa idan babu makawa sai da shi za ka wuce, da sharaɗin ba ka nufin aiki da shi wajen tallata giya. Ƙamshin da ya shiga hancinka ba da nufi ba, babu laifi a kanka. Zaman teburin ɗanɗanon kuwa ka bar shi, saboda hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake kewayawa da giya. Idan sun ƙi, ka karɓi ragin maki a wannan darasi ka ƙara himma a sauran.

Sannan ka sake duba reshen da za ka ƙware a kai. Akwai harkar ɗakuna da karɓar baƙi, akwai lissafin kuɗin otal, akwai gashin burodi da kayan zaƙi. Harshe mai gane ɗanɗano baiwa ce, ana nemansa a gahawa da shayi da man zaitun da cuku. A garin Tain-l'Hermitage ɗin da wataƙila za a kai ku, a gindin dutsen da ake noman Syrah, akwai masana'antar cakulan ta Valrhona da masu girki na duniya suka sani. Ruwan khal da ake sayarwa a shago, ko da na inabi ne, ka yi girki da shi.

Idan kuma ka riga ka taɓa ɗanɗanawa kafin wannan tambaya, ka tuba, ka kurkure baki, ka wanke inda ta taɓa a tufarka. Sallar da ka yi da ita a jikinka bisa mantuwa ko rashin sani, ana son ka sake ta idan lokacinta bai fita ba, idan ya fita babu ramuwa a kanka.

Wallahu a'alam.