Ƙanena, ga amsar tambayarka kan Fushimi Inari

Ƙanena, barka da arziki, na ji gurbin karatun Kiyoto ta ƙasar Japan ya fito. Ka ce abin da ke damunka shi ne an gaya maka ɗalibai kan ja baƙo zuwa wurin bautarsu na Shinto, addinin gargajiyar Japan, kana tsoron kada a sa ka rusuna wa gunki. Fatawa dai ta malamai ce, ni abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Da wuya su kai ka wani wuri kafin Fushimi Inari, wurin bautar da ke gindin wani dutse. Daga tashar Kiyoto minti biyar ne a jirgin ƙasa, shiga kyauta, dare da rana. Tun shekarar 711 dangin Hata suka kafa shi don Inari, abin bautarsu na shinkafa da kasuwanci. Labarinsu ya ce wani attajiri ne dukiya ta ruɗa, ya kafa curin kirɓaɓɓiyar shinkafa yana harbi da kibiya, sai curin ya rikiɗa ya zama farin tsuntsu, ya tashi ya sauka kan dutsen, shinkafa ta tsiro a wurin.

A bakin ƙofa akwai kwamin ruwa da ake wanke hannu da baki, har zai tuna maka alwala. Gaba kaɗan za ka ga sun jefa kwabo, sun rusuna sau biyu, sun tafa sau biyu, sun ƙara rusunawa. Ni nakan koma gefe in jira. Sau uku ina zuwa da abokan karatu, ko kallon banza ba wanda ya taɓa yi mini.

Mutum-mutumin yanyawa da ke ko'ina, da jan ƙyalle a wuya, wani da mabuɗin rumbu a baki, su a wurinsu 'yan aiken Inari ne. Jajayen ƙofofin nan da ake yawan gani a hoto kuwa, dubbai ne, 'yan kasuwa ke ba da su. Juya ka duba bayansu, za ka ga sunan mai bayarwa da kwanan wata. Zagaya dutsen ya ci mini awa biyu da rabi, har gwiwa ta yi ƙara.

Kada ka je a kwana ukun farko na Janairu, turmutsitsin ya wuce misali. Bikin Hatsu-uma da ake yi wa Inari a Fabrairu ya fi daɗin kallo.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne abinci. Shinkafar nan da ake cusawa cikin soyayyar awara, inarizushi, sau da yawa da mirin, wani ruwan girki na shinkafa, ake dafa awarar, shi kuma akwai giya a ciki. Ka tambaya kafin ka kai baki.