Waƙoƙin Depeche Mode na baya-bayan nan, a saurara ko a haƙura?

Ɗan'uwa ka tambaya wai ko sabbin waƙoƙin Depeche Mode, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, sun cancanci ka ƙona data a kansu, ko ka tsaya a tsofaffin. To ni dai shagon cajin waya da tura waƙa nake da shi a ƙauyenmu nan wajen Ringim, kuma wani yayana da ya yi zaman Legas ne ya fara sa min su a memori.

Masoyansu kashi biyu ne. Akwai masu cewa tun da Alan Wilder ya bar su a 1995 kiɗan ya rage gishiri, don shi ne gwanin haɗa sauti, su a wajensu daga albam ɗinsu Violator na 1990 sai wanda ya biyo shi a 1993 shikenan an rufe shago. Wasu kuma suka ce haba, ai mutanen da suka fara tun 1980 a Ingila ba za su dawwama a kiɗan samartaka ba.

Ni ina ɓangare na biyu amma ba duka ba, wasu waƙoƙinsu na tsakiyar nan wallahi barci suke sa ni. Albam ɗinsu Memento Mori na 2023 kuwa daban ne, ya fito bayan rasuwar ɗaya daga cikinsu, Andy Fletcher, a 2022, saura Dave Gahan da Martin Gore kawai, kuma kana jin nauyin rashin a muryar. Ran nan na kunna shi da daddare bayan na kashe janareta, wani yaro mai jiran wayarsa ya ce Malam wannan waƙar makoki ce? Fara da shi, amma da iyafis, sifikar waya tana cinye bas ɗin.